Ɗorawa Huɗu da Ƙirya Ɗaya

Lamorde, Mubi.

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki lafiya a masaukinki na Yola. Ya tsare ki a hanyar Abuja, ya tsare ki a cikin jirgin da zai kai ki garin nan na Turai da har yau harshena ya ƙi kama sunansa. Mu nan lafiya lau muke, ni da ƙannenki. Labarin gida ba zan cika ki da shi ba, don yadda kika bar mu haka muke, ko akuyar nan ba ta haihu ba tukuna.

Ga ƙullin daddawa na ba direba ya haɗo miki. Ki ƙara mata leda ki ɗaure da kyau, kada ƙamshinta ya sa Turawa su sauke ki daga jirgi tun ba ki isa ba.

Abin da ya sa na zauna rubutu ga shi. Magana ɗaya nake nema daga bakinki ranar Alhamis mai zuwa, kafin ki bar ƙasar. Gajeriyar magana ce, amma ba na so ki faɗe ta don kina jin kunyata. In ba ki faɗe ta ba, itatuwan nan na gonarmu ta Sahuda, ɗorawa huɗu da ƙirya ɗaya, za su zama gawayi kafin ruwa ya sauko. Zan zo kan wannan. Bari in fara da wautar da na tafka a baya, don ki san daga ina zancen ya taso.

Kin tuna ranar da kika buɗe kwamfutarki a tsakar gida kika nuna mana aikin da za ki je ki koya? Taswirar duniya ce, kowace ƙasa da launinta. Kika ce launin yana nuna yawan hayaƙi mai ɗumama duniya da ke tashi daga noma da kiwo da saran daji, ban da na motoci da masana'antu, wannan taswirarsa daban. Wasu ƙasashe ja wur, wasu fari-fari. Na sa yatsa ina lalube, na ce ina Sahuda? Kika yi dariya kika ce, "Mama, Nijeriya gaba ɗaya launi ɗaya ce a nan, Sahuda ko ɗigo ba ta kai ba." Bappa Buba, ƙanen marigayi babanki, yana zaune a kan turmi yana shan kunu. Ashe ajiye zancen yake yi.

Ni dai na yi murna ranar. Na ce ashe akwai masu cin abinci da gwada wannan da wancan, abin da na yi ta yi kyauta tun ina amarya har ya ja mini asara.

Shekarar da aka raba Gongola aka ba mu Adamawa aka kawo ni gidan babanki. A lokacin gonar Sahuda cike take da gawo, ban da ɗorawa da ƙirya. Maƙwabcinmu na gabas ya sayi garmar shanu, ya sare duk wani icce da ke gonarsa, ya zuba takin zamani. Gonar ta yi fes kamar tsakar gidan amarya, masararsa kuwa kore shar har tana baƙi-baƙi. In na tsaya a kan iyaka in dubi tasa in dubi tamu, sai raina ya ɓaci. Na sa babanki a gaba, safe da yamma. Na ce mu ma mu waye mana, har yaushe za mu yi ta kewaya itatuwa da fartanya kamar masu neman allura? Kakarki, wadda duk muke kira Dada, ta ji ni wata rana ta ce, "Gawo ba ya cin abincin kowa. Da damina yana zubar da ganye ya ba dawa rana, da rani ya ba shanu inuwa su bar mana taki." Na ce to, a zuciyata kuwa na ce zancen tsofaffi ne.

Babanki mutum ne mai son zaman lafiya, ni kuma kin san bakina. Aka sare gawon duka. Ɗorawa da ƙirya kaɗai suka tsira, don na Dada ne, ba wanda ya isa ya taɓa su. Damina biyu na yi ina tafiya da kafaɗa a sama. Daga nan ƙasa ta fara fari, wuta-wuta ta mamaye dawa, ruwa ya yanka kwari tun daga tsakiyar gona har mayo, wato rafi. Takin zamani kuma ya yi wuyar samu. Sai daga baya na gane maƙwabcin nan yana da wata gonar a fadama can wajen surukansa, ita ce take cika masa rumbu. Wadda nake kallo ta ado ce, ita ma ba ta daɗe ba ta gaji. Kallon kitse na yi wa rogo, kuma tuwon gidanmu ne ya biya.

Don haka, Rahila, in kin zauna gwada ƙasa da ƙasa, kada ki yanke hukunci da damina ɗaya. Ki tambaya me ke wurin a da. Ke da kanki kika ce mini wasu ƙasashen da suka yi fari a taswira sun gama sare dazukansu tun kakanninsu, ba abin da ya rage da zai yi hayaƙi. Kika ce wasu kuma abin da suke ci a dajin wasu aka sare aka noma. To ki riƙa neman gonar fadamar da ba a nuna miki ba. Da kika ce gyatsar shanu ma tana cikin hayaƙin, na tambaye ki saniyar da aka haifa a Chadi, ta yi gyatsarta a Kamaru, ta kwana a kasuwar shanu ta Mubi, aka yanka ta a Kudu, a kan wa za ku ɗora ta? Kika ce inda ta yi gyatsar ake rubutawa, amma malamanku ma suna gardama a kai. Na ji daɗin amsar nan, don ba ki yi mini ƙaryar sani ba. Ki riƙe wannan hali ko a gaban wa.

Wauta ta biyu ta fi ta farko ciwo. Bayan gawo ya koya mini hankali, sai na zama malamar itatuwa. Wanda ya ƙone da miya, ko ruwan sanyi hurawa yake yi, ni kuwa har na fara hura wa mutane nasu. In na ga matan da ke sauko da itace da gawayi daga kan duwatsu, sai in taɓe baki. Wata rana a taron zumuntar mata na coci na miƙe na ce duk mai saran ɗanyen icce ba ta tsoron Allah. Wata gwauruwa 'yar wajen Michika, mai 'ya'ya da yawa, ta bari aka tashi, ta same ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Maman Rahila, kai kana da daddawa da kake sayarwa. Ni mene ne nake da shi?" Na gyara ɗankwalina na wuce, ina ganin na fi ta.

Sai ga shekarar gudu. Ke kina makaranta can nesa, kina ta kiran wayar da ba ta shiga. Masu bindiga suka shigo Mubi, muka fita da abin da ke jikinmu, ni da ƙannenki biyu, muka bi ta Sahuda a ƙafa muka tsallaka Kamaru. Muka zauna a gefen wani ƙauye, mu da yawa, ƙarƙashin wani tudu mai itatuwa. Ba a yi nisa ba garin da mutanen kirki suka ba mu ya ƙare. Ni ɗin nan mai wa'azi, ni na je na ari gatari. Na sari busasshe, da ya ƙare na sari ɗanye, na ɗaure na kai bakin hanya na sayar na sayo gari. Kafin mu dawo mun aske tudun nan tas. Matan ƙauyen suna wucewa su dubi tudu su dube mu, da irin idon da na dubi matar nan ta Michika. Na san idon, don nawa ne.

Ga abin da nake so ki ɗauka a nan, kuma kashi biyu ne, kada ki ɗauki ɗaya ki bar ɗaya. In kin ga ƙasa ta yi ja a taswirarki, ki tambaya yunwa ce ta riƙe gatarin ko haɗama. Ba ɗaya ba ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ki faɗi haka a gaban manyan malamai ko da muryarki tana rawa. Amma kada tausayi ya sa ki rage lissafi. In namu ya yi yawa, ki rubuta ya yi yawa. Wata da ta je can kwanan baya ta ce mini tudun nan har yau a aske yake. Yunwata gaskiya ce, amma ba ta mayar da icce ko ɗaya ba.

Yanzu na zo kan ta ukun, wadda ta kawo mu inda muke.

Kin san al'adarmu, ƙasa da mai ita, icce da mai shi. Da babanki ya rasu, gona ta koma hannun Bappa Buba, yana noma yana ba mu rabonmu, kuma ban taɓa kama shi da cuta ba. Shi masallaci yake zuwa, mu coci, amma ciki ɗaya suka fito da babanki, kuma ya riƙe zumunci. Itatuwan kuwa Dada ta ba ni tun tana da rai. A gindin babbar ƙirya ta miƙa mini ƙugiyar da ake kaɗo ɗorawa da ita, a gaban jauro mai unguwa da dattawa, na ce na karɓa. Haka ita ma uwar mijinta ta yi mata. Kalwar ɗorawan nan da 'ya'yan ƙiryar nan su nake dafawa in yi daddawa, su suka kai ki makaranta tun daga firamare.

Da muka dawo daga gudu, kowa ya tarar da abin da ya tarar. Mu ƙofa aka ɓalle aka kwashe kaya. Bappanki kuwa shanun nomansa sun tafi, shagonsa ya ƙone, babban ɗansa Sali ya fita ranar da aka shigo gari, har yau ba labari. Wata safiya ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina, mutumin da bai taɓa roƙona ko gishiri ba. Ya ce, "Maman Rahila, ka taimake ni da ƙirya guda ɗaya. Babban nan na bakin hanya. Masu gawayi suna so, zan samu in fara da ɗan maraƙi. Guda ɗaya kawai." Na dubi yadda wuyansa ya rame, na ce ya je ya sara.

Ban yi nadamar tausayin ba, ko yau ya dawo a wannan hali sai zuciyata ta motsa. Wautata ita ce na ba da ita a ƙofar ɗaki, daga ni sai shi. Ban kira jauro ba, ban ce daga wannan ba ƙari a gaban mutane ba. Abin da aka ba ni a gaban dattawa, na fitar da shi ta bayan gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu gawayi suka ɗanɗana ƙiryar Sahuda, suka ga irin wutar da take yi, yanzu wani mai babbar mota ya zo ya ce yana son sauran duka, har ɗorawan, da zarar an gama yankan dawa.

Bayan tafiyarki Bappa ya dawo, wannan karon a tsaye. Ya ce, "Rahila da kansa ya nuna mana a komfuta. Manyan ƙasa suna ƙone daji kamar daga nan zuwa Yola. Mu itace biyar ne zai ɓata duniya? Ko Sahuda ma babu a ciki." Na ce duniya ban san ta ba, amma na san ganyen itatuwan nan ne ke riƙe ɗan abin da ya rage na ƙarfin gonar da yake nomawa. Na ce gawayi sau ɗaya ake sayar da shi, kalwa kuwa kowace shekara. Da ya ga ban da niyyar sassautawa, sai ya ce, "Kai fa baƙo ne a gidan nan. Aure ne ya kawo ka. Wanda ya ba ka ya mutu, wanda ya shaida ya mutu." Rahila, maganar nan ta yi mini zafi. Na binne miji a gidan, na binne Dada da hannuna, yau ni ce baƙuwa. Na yi kuka bayan ya fita, ba zan ɓoye miki ba. Da na gama na wanke fuska na ɗaura zane.

Ki lura da abin da ya yi da taswirarki, don za ki gamu da irinsa a can cikin manyan riguna. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kowace ƙasa za ta nemi wadda ta fi ta ja ta nuna da yatsa, ta ce ku fara da waccan. Babba zai ce ƙanana sun fi yawa, ƙarami zai ce ni ɗigo ne. Aikinki na gwadawa yana da amfani, na yarda da shi, in ba haka ba da ban bar ki kin tafi ba. Amma in kin ba mutum lissafi, ki tsaya ki ji abin da zai yi da shi. Kada ki bari a mayar da wahalarki tabarmar barci.

Washegari na hau Keke har Sahuda na sami jauro na yanzu, ɗan wancan ne. Na ce ya tara dattawa ya kira Bappa. Da suka zauna na ce tunda ni baƙuwa ce, to, na ji. Zan yi abin da Dada ta yi. Na ba Rahila itatuwan, 'yar ɗan'uwansa, jininsu, wadda ba aure ne ya kawo ta ba. Jauro ya ce kyauta ba ta cika sai mai karɓa ta ce ta karɓa a gaban mai ƙasa. Na ce tana Yola, jirginta ya kusa. Dattawa suka yi ta shawara, daga ƙarshe suka ce zamani ya zo da waya, in kowa ya ji muryarki a gindin itatuwan, ya wadatar. Ƙaninki zai riƙe ƙugiyar a madadinki.

Bappanki ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Yarinya da zai tafi Turai? Me zai yi da ɗorawa? To na yarda. In ya ce ya karɓa da bakinsa, wallahi gatari ba zai taɓa su ba. In bai ce ba, bayan kaka mota zai zo." Ya rantse a gaban jauro, kuma duk halinsa ba ya cin rantsuwa. Shi ne fa mai zama a majalisa yana cika baki wai 'yarsu za ta je ƙirga hayaƙin duniya. Yana alfahari da ke ƙwarai. Sai dai ya ɗauka boko ya riga ya cire ki daga cikinmu, shi ya sa ya saki baki ya rantse.

Ba zan yi miki daɗin baki ba, kyautar nan kaya ce. Mai icce tana ba gidan mai ƙasa rabon kalwa kowace shekara. A da kwando guda ne, ni kuwa na ce a gaban dattawa daga bana rabi ne, kuma matan Bappa za su zo mu riƙa dafa daddawa tare su sayar da tasu. Buƙatarsa gaskiya ce, ba zan kare icce in bar gidan ɗan'uwan mijina da yunwa ba, na riga na koyi wannan a Kamaru. Wannan alkawari zai hau kanki. Ranar da ƙarfina ya ƙare, ke za ki nemo mai kaɗowa da mai dafawa. Za a kira ki kina tsakiyar jarrabawa a ce reshe ya karye ko shanun wani sun shiga. Kuma dole wata rana ki dawo ki tsaya a gindinsu mutane su gan ki, don ba a mallakar icce da murya har abada.

In kin auna kin ga ba za ki iya ba, ki gaya mini kai tsaye kafin ranar. Ba zan yi fushi ba, ba kuma zan rage miki albarka ko ƙwaya ɗaya ba. Zan ɗauki tabarmata in je in zauna a gindinsu, mai motar ya fara da ni. Amma na san zaman tsohuwa ba ya tsayar da gatari sai na ɗan lokaci. Maganarki ce za ta tsayar da shi.

Ranar Alhamis da hantsi za mu taru. Ki cika wayarki da caji, ki zauna inda ba hayaniya. A gonar nan waya ba ta kamawa sai a wuri ɗaya, ɗan tudun bakin hanya inda babbar ƙirya take a da. A kan baƙin kututturenta zan tsaya in ɗaga wayar sama, ni da na ba da ita. In kin ji an ɗauka, ki fara gaida jauro da dattawa. Ki gaida Bappanki da kyau, ki tambaye shi gida da jiki, ki nemi albarkarsa ta tafiya, don ubanki ne. Sannan ki faɗi abin da za ki faɗa, ki kuma ɗaga murya. Tun ƙarar bindigogin nan kunnensa na hagu ba ya ji sosai, kuma ina so ya ji da kansa, kada wani ya ba shi labari.

A taswirarki ba za su fito ba, na sani. Amma duk ranar da kika buɗe ta kika ga Nijeriya launi ɗaya, ki tuna a can gefen gabas, dab da iyaka, akwai ɗorawa huɗu da ƙirya ɗaya da ke tsaye don kin buɗe baki.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki daga sanyin ƙasar mutane da mugun abokin zama, ya ba ki malamai masu gaskiya, ya ba ki zuciyar faɗin abin da kika gani. Ya sanyaya zuciyar Bappanki, ya jiyar da mu labarin Sali. Ya dawo mini da ke lafiya lokacin da ɗorawa ta nuna, ki karɓi ƙugiyarki da hannunki. Amin.

Ni ce mamanki,
Talatu.